Rasuwar Ƴar Baƙa a Bakin Ruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka ƙi zama wuri ɗaya, Malam Inoussa Alhassan, malamin labarin ƙasa a nan Agadas, yana sanar da dangi, abokan aiki, ƴan fadar shayi da masu dariya a bayan ido, rasuwar abokiyar tafiyarsa, kamararsa ta ɗaukar hoto, wadda aka fi sani da Ƴar Baƙa. Ta rasu ranar Asabar da ta wuce, da hantsi, a cikin duwatsun Ayar, bayan gajeriyar jinya da ta fara da sallama ta ƙare a cikin ruwa.

Marigayiyar ba haifaffiyar nan ba ce. A wuyan wani bature ta shigo Agadas, zamanin da baƙi ke cika gari, ta ɗauki hoton hasumiyar babban masallaci har ta wuce abin da hasumiyar ke buƙata. Da baƙi suka ɗauke ƙafa aka bar ta a hannun wani direba, daga nan ta shiga gidan Malam Inoussa, inda ta ƙarasa rayuwarta cikin wahala da mutunci.

Duk wanda ya zauna da ita ya shaida mai haƙuri ce. Ta yi tafiya a bayan moto, wato babur, naɗe cikin tsohon rawani. Ta kwanta a kan ɗan buhun gero bisa dutse don kada hannu ya girgiza ta. In za a sauya mata ido, Malam kan cusa ta cikin babbar rigarsa ya juya wa iska baya, har masu wucewa su ɗauka ciwon ciki ya kama shi, ba ta taɓa nuna jin kunya ba. Lokacin sanyi batiranta kan kwana a aljihun ƙirjinsa, ita kuma ta farka da asuba ba gardama. Maganarta kaɗan ce. In tana neman abu ta ce zuuu. In ta same shi ta ce tit-tit. In ta gama ta ce ƙyas. Malam ya yi shekaru a jami'a bai haɗu da wanda ya iya taƙaita zance haka ba.

Ta bar ayyuka masu yawa: yanyawa a bakin raminta, dila yana hararar duniya, tsuntsayen lambunan Iferwan, raƙuman Ingal da ba su da abin yi sai tsayawa, da wutsiyar barewa iri-iri. Gaskiya ita ce yawancin namun dajin Ayar ta baya ta san su.

Abu ɗaya ne ta rayu dominsa, shi ne ragon dutse. Mahaifin Malam, wanda ya yi ayari, ya sha ba shi labarin waɗannan raguna masu murɗaɗɗen ƙaho da gemu har ƙirji, Malam kansa kuma ya taɓa hango guda yana hawan tsauni kamar mai taka matakala. Sai dai a fada ba wanda ya yarda. Sadiƙ, mai kai ruwa da man fetur wuraren haƙar zinariya, wanda ba kori, wato busasshen rafi, da tayar motarsa ba ta taka ba, ya ce ragunan sun ƙare tuni, na ƙarshen ma shi ya ci, kuma naman ya yi tauri. Tun daga ranar, in Malam ya doso sai a gyara masa wuri a tambaye shi lafiyar ragonsa. Hoto guda yake so ya ajiye a kan faifan shayin nan, ya sha kofinsa cikin shiru. Kowane hutun lakwal, wato makaranta, a kan wannan ya ƙare.

Ga yadda ajali ya zo. Akwai wani ruwa da ke kwance tsakanin duwatsu, wanda ba za a ambaci sunansa a wannan sanarwa ba. Bayan sallar asuba Malam ya kafa marigayiyar a kan ƙafa-ukunta, rana a bayansa, iska a fuskarsa, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Ya durƙusa har gwiwoyinsa suka mutu. Da hantsi ya leƙa ta idon marigayiyar, sai ga shi. Rago ne cikakke, ya sauko yana duba kowane dutse kafin ya taka. Marigayiyar ta ce zuuu. Ta ce tit-tit.

A daidai nan aka yi sallama a bayan Malam.

Wani dattijo ne makiyayi mai neman taguwarsa, wato raƙumarsa. Malam ya amsa a cikin maƙogwaro, ya ɗaga hannun hagu alamar a dakata. Dattijon ya ga mutum durƙushe yana nishi yana ɗaga hannu, ya tabbata ba lafiya, ya matso ya miƙo nasa hannun. To, waɗanda suka ƙera kamara sun sa maɓallinta a dama, domin a ƙasarsu ba a miƙo wa mutum hannu a tsakiyar dutse. Malam kuwa ɗan Agadas ne. Bai yi shawara da kowa ba, hannun dama ya saki abin da yake riƙe da shi ya tafi inda tarbiyya ta aike shi. Hannun riga ya ja ƙafa ɗaya ta ƙafa-ukun, ƙafar ta zame a kan santsin dutse. Kalmar marigayiyar ta ƙarshe ita ce ƙyas. Abin da ya biyo baya ruwa ne ya faɗa: cuɓul.

Dattijon bai saki hannun ba sai da ya tambayi gajiya, sanyi, gida, yara da bisashe. Da aka tsamo gawar ya yi jaje yadda ya kamata, sannan ya tambaya ko an ga wata jar taguwa.

An yi ƙoƙarin magani. An binne ta cikin shinkafar Zeinabou, uwargidan Malam, wadda ta nemi a rubuta cewa ba a tambaye ta ba. An shanya ta a kan soro. Daga ƙarshe aka kai ta kasuwa wurin Mubarak mai gyaran salula. Ya buɗe cikinta, ya ce rairayin da ke ciki ya isa yaɓen ɗaki, ya rufe, ya girgiza kai. Amma ɗan katin da ke ajiye hotunanta yana da rai. Ya sa shi a ordinatarsa, wato kwamfuta, suka duba tare. Hoton ƙarshe ya karkace, rabinsa sama ce, amma ragon yana ciki tun daga ƙaho har kofato, ido buɗe, yana kallon yadda mutane ke gaisawa. A bayansa kuma ga wani tsagaggen dutse da duk direban Ayar zai gane ko a mafarki. Mubarak mutumin kudu ne, duk duwatsu ɗaya ne a wurinsa. Malam ya zare katinsa ya jefa a aljihu. Mubarak ya yi alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba, kuma mutum ɗaya kawai ya faɗa wa.

Kafin la'asar masu gaisuwa sun cika zaure. Ko rasuwar kawun Malam ba ta tara jama'a haka ba. Kowa in ya gama ya haƙuri sai ya sassauta murya ya tambayi ta wane kori ake shiga. Sadiƙ ya zo da sukari da ganyen shayi, ya ce shi dama can ya yarda, wasa yake yi, a nuna masa kawai ya wanke Malam a gaban fada. Ya ce ma ya daina wahala da moto, ga mota. Malam ya raka shi ƙofa, ya ga wani dogon abu naɗe da bargo a bayan kujerar direba, abin da ba a ɗaukar hoto da shi.

Tun daga lokacin mai makoki bai zauna ba. Ya fita zai tafi fada, ya kai bakin lungu ya dawo. Ya sa katin a aljihun dama ya mayar da shi na hagu. A aji ya zana tsaunin Bagzan a allo ya tsaya yana kallonsa har yara suka fara tari. Ya lissafa shekarun da aka yi ana tambayarsa lafiyar ragonsa, ya ji jininsa ya hau, ya sake ɗaukar hula. Sai dabara ta zo masa: a yanke dutsen daga hoton, a bar ragon shi kaɗai. Ya kai wa Zeinabou wannan hikima tana tsince shinkafarta. Ba ta ɗago ba.

"Malam, in suka ga ragon ba dutse za su nema ba, sawun motonka za su bi. Yanzu wa ke bin ka? Ba mai ƙona mansa a bayan maƙaryaci."

Malam ya ajiye hular.

Marigayiyar ta bar dogon idonta, wanda hazo ya shiga ya kusa makancewa. Ƙafa-uku, wanda har yanzu ba a gama yafe masa ba. Batira biyu marayu da ba su shiga kowace irin na'ura a garin nan. Jaka mai ɓallallen zip. Da Malam Inoussa, wanda hannunsa ke kai wa ƙirji lokaci-lokaci ya tarar ba kowa.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar a gidan Malam. An tuntuɓi limamin unguwa, ya ce wannan ba aikinsa ba ne, kuma a daina aiko masa. Za a naɗe ta a rawaninta, da katinta a cikin cikinta, a sa ta a ƙarƙashin dokin ƙofar zaure. Karim magini zai zuba siminti nan take, zai kuma tsaya har ya bushe. Ba za a yi zaman makoki ba, domin mai makokin ba ya iya zama.

Ga masu tambaya game da hoton ƙarshe, iyalin sun tsayar da amsa guda: akuya ce Mubarak ya gani. Malam Inoussa bai ga ragon dutse ba, bai taɓa gani ba, mahaifinsa ma mutum ne mai son labari. Masu niyyar dariya su zo da wuri, tabarmin ba su da yawa.