Akwatin da Ya Riƙe Hajiya Azara a Nima

"…lafiya lau, in ban da ganin mummunar fuskarka da sassafe," in ji Hajiya Azara.

"Ke ma da taki kika tashi, amarya," jikanta Mansuru ya ce, ya tsuguna gaban akwatin intanet.

Bakin nan nata ƙarfin hali ne kawai, a tsorace take. Tun da ta zame a banɗaki, 'yarta Sanatu da ke Jamus ta kafa sharaɗi: ko a sa kyamara a tsakar gida ta riƙa ganinta kullum, ko a kwashe ta daga unguwar Nima zuwa garin Kasoa wurin ɗanta. Aka sa kyamarar, Mansuru ne ya haɗa rauta, wato akwatin intanet ɗin, da tsohuwar kwamfuta, ko murfi babu. Yau kwana uku Sanatu ba ta ga komai ba, har ta ce a nemo mota.

"Mijin banza! Maza na kawo wa matansu atamfa, kai ka kawo min hanjin rediyo. Yaji zan yi!"

"Hanjin nan ya hana a ɗauke ki. Wa ya zare wayar nan?"

"Dumso ne, wuta aka ɗauke."

"Dumso mai shan shayi? Ga butarki a soket ɗin."

"To in zauna ba shayi saboda ƙarfe?"

"Duk lokacin da kika kashe akwatin, sabuwar lamba kamfanin intanet ke ba gidan. Anti Sanatu na can tana ƙwanƙwasa tsohuwar."

"Shekara hamsin ina nan, ko akuyar Nima ta san ƙofata. Ka zo wata biyu ka mai da ni marar adireshi!"

Ya yi ta danne-danne, ita kuwa tana jan carbi tana hararar ƙeyarsa.

"Shi ke nan. Suna zan ba gidan. Ko lamba ta canja sau ɗari, akwatin zai kai labari da kansa. Me zan rubuta?"

"Rubuta: Azara ba ta tashi."

Ya rubuta, ya tura Jamus. Ba a jima ba waya ta yi ƙara.

"Mama, ga ki nan ina ganinki! Alhamdulillahi. A bar maganar motar nan."

Daɗi ya kama Hajiya, ta zauna a kujera tana share ido da gefen mayafi. Can ta turo masa kwanon wakenta, har da ƙwan.

"Ungo, ci. Na fasa yajin."