Kore-Shar da Rahoton da Ba Ya Tsufa

Idan ana lissafa mutanen da Allah ya yi wa baiwa, sai a fara da shugaban sashen gwaji na wani kamfanin manhaja, a huta, a sha ruwa, kafin a ambaci wani. Mutum ne mai cikar kamala da cikar tumbi. Katunan shaidar aiki reras a wuyansa, ko da yake ƙofar ofishin ɗaya ce, kuma ba ta rufuwa. Ma'aikata suna ce masa Yallaɓai a gaban idonsa, Kore-Shar a bayansa. Da sunan ya kai kunnensa bai ji haushi ba, cewa ya yi gara da aka gane shi tun yana da rai.

Abin da kamfanin yake ginawa shi ne manhajar sayar da tikitin motocin safa, irin wadda fasinja zai zaɓi kujerarsa ta waya. Kowace safiya kwamfutar gwaji takan bi manhajar da kanta: ta danna nan, ta danna can, ta sayi tikitin ƙarya, ta fasa, ta sake saye. Abin da ya tafi daidai ta shafa masa kore, abin da ya lalace ta shafa masa ja. In ta gama sai ta juye sakamakon a fayil ɗin rahoto, na yau ya hau kan na jiya. Aikin Yallaɓai shi ne ya buɗe fayil ɗin, ya buga a takarda, ya hau bene ya kai wa mai kamfani. Aiki ne mai nauyi, musamman wajen matakala.

A benen nan akwai wani ofishi da ba kowa a ciki, mai taga da iska mai daɗi. Mai kamfanin, mace mai alkawari ɗaya, ta ce ranar da masu motoci suka karɓi manhajar, ofishin nasa ne, tare da muƙamin Babban Daraktan Inganci. Tun daga ranar Yallaɓai ba ya wuce ƙofar sai ya shafa ta.

Wata safiya aka yi dace, komai ya fito kore. Yallaɓai ya rufe kansa a ɗaki ya yi wa rahoton kwalliya irin ta zuwa biki: hotonsa a sama, hannu a haɓa, muƙaminsa da manyan baƙaƙe, sa hannunsa kamar sawun kaza a kan siminti. Washegari da ya buɗe, sai ga layi ɗaya ja wur a ƙarƙashin hoton.

"Ja? Ƙarƙashin hotona?" Ya fito tsakiyar ofis yana huci. "Na san aikin hassada in na gan shi. Wani ya shiga fayil ɗina. To, ta Allah ba taku ba!"

Ya dawo da kwafin jiya mai kore, ya garƙame shi: a karanta kawai, babu mai rubutu a kai. Abin da bai faɗo masa a rai ba shi ne, ita ma kwamfutar gwaji ta wannan ƙofar take shiga. Kullum baiwar Allah sai ta gama aikinta, ta zo da sakamako, ta tarar da ƙofa a kulle, ta bar ɗan saƙo a gefen allo cewa ta kasa rubutawa. Yallaɓai ya kashe saƙon. A cewarsa, duk saƙon da ya zo wa babba babu gaisuwa, bai cancanci amsa ba.

Daga nan fa zamanin albarka ya kama. Rahoto kore yau, kore gobe, kore jibi. Masu rubuta manhaja suna ta ƙara sababbin abubuwa, suna ɓarar da tsofaffi, rahoto ko gezau. Da abin ya ishe su, suka yi gayya suka same shi.

"Yallaɓai, manhajar nan fa kujera ɗaya take sayar wa mutum uku. Muna gani a allon gwaji, ja ne har ƙasa."

Ya kishingiɗa, ya haɗa yatsu a kan tumbi.

"Yara, allon gwaji ɗanyen abu ne, ni kuwa ba na cin ɗanye. Ilimi shi ne abin da aka dafa, aka zuba a fayil, aka sa wa hannu. Abin da bai shiga rahoto ba, bai faru ba. Ku je ku yi karatu."

Suka tafi, ba don sun gamsu ba. Dokar kamfani ce ba a ware lokacin gyara sai ga abin da rahoto ya ce ya lalace, rahoto kuwa ya rantse komai lafiya.

A gida ma ba a tsira ba. Ya sa wa rahoton gilashi, ya rataye a falo, ya mayar da hoton aurensu lungun da ake ajiye takalma. Duk baƙon da ya zo, kafin a ba shi ruwa sai an ba shi bayani. Wata rana matarsa tana goge ƙurar gilashin, ta ce, "Baban yara, wai ita wannan takarda ba ta canzawa ne? Ko sakamakon makarantar Auta yakan hau ya sauka."

"Maman yara, abin da ya kai ƙololuwa ina kuma zai je? Auta yana koyo ne. Ni na gama."

Ranar da masu motoci za su zo, Yallaɓai ya shigo da sabuwar kwat da ƙamshin turaren da ya riga shi hawa matakala. A baranda ya haɗu da mai kamfani, ta yi murmushi ta ce, "Darakta, yau fa ranarka ce."

Darakta! Kalmar ta shige shi har ɓargo. Nan take ya tuna cewa saman rahoton har yanzu "shugaban sashe" ne a rubuce. Manyan baƙi su ga ƙaramin muƙami ƙarƙashin babban hoto? Ina! Ya ruga ɗakinsa, ya cire makullin fayil ɗin da hannunsa mai albarka, ya rubuta Babban Daraktan Inganci, ya ƙara wa baƙaƙen ƙiba. Ana ƙwala masa kira daga ɗakin taro, ya fita da sauri. Makulli kuwa yana nan inda ya ajiye shi, bai mayar wa fayil ɗin ba.

A ɗakin taro ya yi jawabin da ya sa shayin baƙi ya huce. Ya ce tun da ya karɓi ragama, kuskure ya yi ƙaura daga kamfanin. Ya ce wasu suna neman inganci, shi kuwa inganci ne yake nemansa.

"Amma gani ya kori ji, ranku ya daɗe. A gabanku zan sa kwamfuta ta yi gwaji, ta juye a rahoto, ku gani da idonku."

Ya danna. Kwamfutar da ta yi watanni tana ƙwanƙwasa ƙofa ta tura, ta ji ta a buɗe. Ta shiga da kayanta duka.

Ya buɗe fayil a babban allo, ya juya wa allon baya don ya more fuskokin baƙi. Shi kaɗai ne a ɗakin bai ga abin da ya fito ba: hotonsa, hannu a haɓa, sabon muƙaminsa ɓaro-ɓaro, sannan ja, ja, ja, har inda allo ya ƙare. Ya ga bakunan mutane a buɗe, ya ɗauka mamakin gwaninta ne, har ya ɗan rusuna.

"Kada ku ji komai," in ji shi. "Duk abin da kuke gani a nan, aikina ne ni kaɗai."

Babban cikin masu motocin ya gyara tabarau, ya ce ai kuwa sun gani, Allah ya ƙara basira. Suka tattara wayoyinsu suka sauka.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Hoton aure ya koma falo. Ofishin mai taga kuwa bai zauna haka ba: masu gyara sun ce kwamfutar gwaji tana yawan zafi, tana bukatar iska, sai mai kamfani ta sa aka hau da ita can.

Har yau Yallaɓai yana hawa matakalar nan kowace safiya, katunansa na kaɗawa a wuya. Wurinta yake zuwa karɓar rahoto.