Abin da Bango Ya Rage wa Janar

Duk faɗin Karolina ta Arewa babu wanda ya san mota kamar Thurman Ledbetter. Shi ya faɗa mana haka, kuma ba sau ɗaya ba. Sana'arsa sayar da gado da katifa, shago uku gare shi. Amma tun da ya ɗauki nauyin motar tseren direbarmu Nadine Haskew a bana, ya ɗinko rigar tsere mai taurari a kafaɗa, ya rataya agogon auna gudu wanda har yau bai gano inda ake dannawa ba. Mu masu yi wa motar aiki muka sa masa Janar Katifa. Da ya ji, sai ya ɗauka girmamawa ce.

Sharaɗinsa ɗaya ne, a zana fuskarsa a gefen dama na motar, ɓangaren da 'yan kallo ke gani. Aka zana shi yana dariya, haƙora duk a waje.

Asabar ɗin tseren ƙarshe, Nadine na bukatar ta zo ta goma kawai ta ɗauki kofin shekara. Mahaifinta ya yi shekara ashirin yana bin kofin nan a wannan fili, har ya rasu bai taɓa shi ba. Kawunta Orville, babban makanikenmu, tun safe yake auna tayoyi da tef. Filinmu hagu kawai ake juyawa, shi ya sa tayoyin dama kan ɗara na hagu girma kaɗan, don motar ta riƙa shan kwana da kanta. Ko matar da ke soya mana kaza ta san wannan.

Janar ya karɓi tef ya auna, ya girgiza kai cike da tausayinmu.

"Orville, shekara talatin ina harkar gado, ban taɓa sayar da mai gajeriyar ƙafa ba. Motar da ke ɗauke da fuskata ba za ta fita tana ɗingishi ba."

Orville ya ce to, yallabai, ya ci gaba da aikinsa. Laifinmu ne da ba mu bar mai gadi ba. Muna can taron direbobi, mun cire huluna fasto na addu'a, Janar ya kira masu ɗaukar masa katifa su biyu suka ɗaura wa motar tayoyi huɗu masu girma kai ɗaya. Har goge su ya yi.

Ana kaɗa tutar fara tsere, a kwanar farko motar ta ƙi juyawa, ta nufi bango. Sai ga muryar Nadine a rediyo.

"Kawu, me kuka yi mini? Ai firiji nake tuƙawa."

Janar ya fizge rediyon ya ce ta kwantar da hankalinta, motar ce ke sabawa da daidaito. Zagaye arba'in ne kacal, tsayawa canza taya daidai yake da barin kofin.

Nadine ba ta tsaya ba. Tun da bango motar ke so, ta ba ta bango. Kowace kwana sai ta jingina gefen dama da siminti ya juya ta, tartsatsi na tashi, ƙarfe na kuka. Janar na tafi, yana shaida wa ɗan jarida cewa sabuwar dabara ce da ya daɗe yana nazari a kanta. Ta goma ta zo, da ƙyar da jiɓin goshi. Orville ya zauna kan jak ɗin ɗaga mota ya fashe da kuka, ni ma ban iya riƙewa ba.

Janar ya taje gashi, ya ture mutane ya tsaya jikin motar don a ɗauki hoto, ya fara jawabi kan hangen nesa. Dariyar jama'a ce ta sa ya waiwaya. Bango ya cinye wa zanen gashi da idanu da hanci da sunan shago, ya bar baki kawai, a wangale.

Ya ba da umarni a sake fenti kafin Litinin. Nadine ta rungume kofinta, ta dubi zanen, ta dube shi.

"A bar shi haka, yallabai. Sai yanzu ya yi kama da kai."