Takalmin Surukata a Cikin Kankare

Jama'a, ku taya ni jaje, amma kar ku tambayi wanda ya cuce ni, don da hannuna na yi.

Akwai wata kwata a ƙofar gidana. Shekara bakwai ke nan da Mai Girma Uban Alkawari ya zo da jiniya ya aza tubalin gyaranta, Allah ya ƙara masa lafiya, tubalin ma tuni wani ya ɗauke. Bara surukata ta zame a ciki, ta rantse ita da gidana sai an rufe kwatar. Da ƙyar maiɗakina ta lallashe ta ta sa ranar zuwa, ni kuwa na nemo magini.

Ya iso da wata 'yar jarka. "Maigida, siminti ba bushewa yake yi ba, haɗuwa yake da ruwa ya kama. A zafin nan, kafin mu baza ya sandare. Wannan maganin lulluɓe ƙwayoyin simintin yake, ya ɗan jinkirta su. Murfi ɗaya a buhu, kar a ƙara."

Ni fa "magani" kawai na ji. Na ce a raina, wato ni murfi ɗaya, saura ya wuce gidansa? Yana juya baya na tuttule jarkar duka a kwaɓin, ina jin kaina injiniya. Garin neman ƙiba na samo rama.

Kwana uku abu yana nan kamar taɓo. Magini ya girgiza jarkar, ya yi salati, ya ce in jira ikon Allah. Maƙwabcina mai faci ya dangwala yatsa ya ce, "Malam, ashe kai ma kwangila ka samu?" Nan na gane mun daɗe muna ɗaukar alhakin manyanmu. Ba sakaci ba ne, bayin Allah tanka guda na maganin nan suke zuba wa kowane aiki.

Jiya surukata ta sauko daga mota, ta ga shimfiɗa sumul, har da "Allah ya yi albarka, ɗan nan." Kafin in buɗe baki ta taka. Ƙafa ta fito, takalmi ya zauna. Ko kallona ba ta yi ba ta koma motar da ta kawo ta. Wallahi na ji kunya, maiɗakina kuwa har yanzu gaisuwata ma ba ta amsawa.

Da safen nan kankare ya kama kamar dutse, da takalmin a ciki. Ina ma Mai Girma zai daure ya zo ya ƙaddamar, shi ne fa aiki na farko da aka kammala a layinmu.