Zoben Ƙarfe a Ɗakin Baya

"Lafiya lau, angon da ba ya cefane. Me ka ɓoye a bayanka?"

"Zarto ne, amarya. Haƙorinki ɗaya da ya rage ya yi tsawo, na zo rage shi."

Kakata ce, mahaifiyar babanmu. Da rana tsaka na same ta zaune a bakin ƙofar ɗakin baya, inda za a sa ƙanena idan an sallamo shi daga asibitin masu taɓin hankali. A tsakiyar ɗakin akwai zoben ƙarfe dashe a siminti, da guntuwar sarƙa maƙale da kwaɗo. Babanmu ya aiko ni in yanke shi kafin ƙanen nawa ya dawo. Ita kuwa ta ce sai dai a bi ta kanta.

Na gaya mata yanzu doka ta hana. Duk wanda ya ɗaure mara lafiya, shi za a ɗaure.

"Kuma ni ba zan riƙa kai wa tsohuwa abinci gidan yari ba. A bakin ƙofa zan sake ki."

"Ka sake ni mana, ko gandiroba ya fi ka kyau."

Sai ta ce dokar ma ba ta da kunya. Lokacin da wanta ya kamu da irin wannan ciwon, hukuma ce ta turo maƙeri ya dasa zoben. A zamanin barin irinsa yana yawo shi ne laifin, har babansu sai da aka tsare a kan haka. Mutane tsoro suke ji, doka ta bi tsoronsu. Yanzu an ga magani na aiki, an fara jin kunya, ita ma dokar ta juya.

"Ran da tsoron ya dawo fa, mijina?"

Na leƙa ciki. Waje rana na ƙuna, amma ɗakin sanyi ƙalau. Siminti ya lotsa kewaye da zoben, daidai inda ƙafar wanta ta yi ta zagaye har ya rasu. Ta ce kullum tana naɗe sarƙar, kullum tana tarar da ita miƙe tana fuskantar ƙofa.

"Ɓera ne," na ce.

"Ɓera mai jan ƙarfe? Sai dai in danginku ne."

Sai ta tambaya a hankali, idan yaron ya fita titi aka jefe shi fa? Na ce tare za mu riƙa kwana, ni zan riƙa ba shi maganinsa.

"Kai da tsawa ke korawa ƙarƙashin gado?"

"Sai mu shiga tare, ni da shi."

Dariya ta ƙwace mata. Ta ciro makulli daga zaren wuyanta ta miƙo. Kwaɗon ya yi tsatsa, amma ya buɗe ba gardama. Na durƙusa na yi ta goga zarto.

Da zoben ya faɗi, wata iska mai sanyi ta shafi ƙafafuna ta nufi ƙofa. Na ga Kaka ta janye ƙafarta, kamar mai ba mutum hanya.

"Sauka lafiya, Yaya," ta ce.

Ta ɗauki zoben ta danƙa mini.

"Ungo. Tunda ka kasa saya mini na aure, ni na ba ka."