Kamfas Mai Madubi

Ba zan taɓa mantawa ba da daren da na ja ayarin kawuna da kamfas a hannu, a shekarun ƙarshe na mulkin Jamus a Garwa. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun yi zafi.

Kawu Ɗanladi ya kwanta da ciwon ƙafa, sai ya ɗora ni kan jakunansa goma sha biyu, in kai gishiri da tufafi garin Mayo-Oulo, can arewa. Karo na farko ke nan da aka ba ni ayari, ni kuwa ban san hanya ba, kuma kunya ta hana ni faɗa. Na sha ganin sojojin Jamus suna duba wani ɗan ƙarfe mai allura da ke nuna arewa, wato kamfas, don haka na lallaɓa kantin wani Bature a bakin Binuwai.

Mai tsaron kantin, wani Bakano, ya ajiye mini guda biyu. Ɗaya na tagulla ne, mai nauyi, mai murfi, duk ya dushe.

"Ɗauki wannan, Malam," in ji shi. "Ko jaki ya taka shi ba abin da zai same shi. Kuma bakin allurarsa na haske cikin duhu."

Ni kuwa idona na kan ɗayan, ɗan siriri mai ƙyalli, har da madubi a bayansa. (Ina da shekara ashirin da 'yan kai, gemuna ya fara tsiro. Ku yi mini uzuri.) Shi na ɗauka.

Bazara ce, zafin rana na kayar da jaki, sai muka tashi bayan sallar magariba. Baba Sambo, tsohon Bafulatanin da ya daɗe yana kora wa Kawu jakuna, ya ce mu bi turbar da aka saba. Na ce a'a, za mu yanke ta daji, na'ura za ta kai mu. Ya dube ni, ya dubi abin, ya ce, "To, ɗana."

Ba mu yi nisa ba na yi tuntuɓe da saiwa, na faɗi a kan aljihuna. Na ji ƙaras! Na koma gefe kamar zan kama ruwa, na ƙyasta ashana. Gilashin ya tsage, allurar ta maƙale. Na juya gabas, tana nan. Na juya yamma, tana nan. Ruwan da ke cikin salkunanmu na yini ɗaya ne, ga kuraye na kuka, ga dukiyar mutum a wuyana.

Me ya kamata in yi? In faɗi gaskiya mana. Me na yi? Na ɗaga hannu na ce, "Nan ne arewa!"

Haka muka kwana muna tafiya. Duk bayan ɗan lokaci sai in ƙyasta ashana, in murtuke fuska, in gyaɗa kai kamar mai karanta wasiƙa, alhali gumi na bin bayana. Sau biyu Baba Sambo ya matso ya ce, "Ɗana, taurarin da ke gabanmu ɗazu sun koma bayanmu fa."

Na ce, "Baba, taurari ai yawo suke yi. Ƙarfe ba ya yawo."

Da asuba muka ji ƙamshin ruwa. Na yi hamdala da ƙarfi, na ce ga kogin Mayo-Oulo da ake faɗa, mun kusa. Gari ya ɗan waye, sai ga kogi mai faɗi, ga jiragen kwale-kwale, ga mata na wanki. Ɗaya ta miƙe, ta kare ido da hannu.

"Kai! Har kun dawo? Ina tsarabata?"

Gwaggo Hajara ce, matar Kawu. Binuwai ne. Rufin kwanon kantin Baturen na hango daga inda nake tsaye.

Ba wanda ya yi dariya nan take, wannan ya fi ciwo. Baba Sambo ya karɓi kamfas ɗin, ya juya bayansa, ya gyara rawaninsa a madubin, ya miƙo mini. "Wannan ɓangaren dai yana aiki," in ji shi. Nan matan suka fashe.

Kawu bai zage ni ba. Ya ce jakuna su huta kwana biyu, Baba Sambo ya shige gaba, ni in riƙe igiyar na ƙarshe. Haka aka yi, muka isa lafiya.

Tun daga ranar, in zan sayi kayan tafiya, sai in tambayi wanne ne ya fi muni a ido, in ɗauke shi. In kuma dattijo ya ce mini "To, ɗana" a hankali, sai in tsaya in sake tunani.