Yadda Nomau Ya Haɗa Ruwan Teku

A gidan Malam Barau da ke Malumfashi akwai ƙaninsa Nomau, mutum har da furfura, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Shi kuwa Malam Barau a jirgin ruwa ya ƙare ƙuruciyarsa, can Ikko. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, sai magana ta ɗauke, ya juya fuska bango, ya ƙi abinci. Kullum ramewa yake, abin ban tausayi. 'Yarsa Saude ta rasa dabara, ta ce bari ta kawo masa teku har ɗaka ko zai waiwayo. Ta sayo ƙaton akwatin gilashi na kiwon kifin ruwan gishiri. Isiyaku, mai haɗa irin waɗannan kaya, ya ce a mai da ɗan sito na bayan ɗakin ya zama ɗakin injuna, a nan za a kafa famfo da matatar ruwa da durom.

Wata rana Saude ta ce, "Baffa, a kwashe sito, kada a bar komai." Kafin azahar Nomau ya fitar da buhuna da tarkace, ya cire ƙofa, ya ɓalle taga, har ya hau tsani ya fara kwance kwanon rufi. Saude ta ɗora hannu a ka tana salati. Ya leƙo daga sama ya ce, "Saura bango, shi ne ya gagare ni." Ba ta iya yi masa faɗa ba, ta aika a kira kafinta.

Wata rana kuma, bayan an kafa injuna, Isiyaku ya ce, "Baba, ruwan nan kada ya daina zagayawa, komai rintsi." Yana fita aka ɗauke wuta. Ga makunnin batirin da ke tayar da famfo in ba wuta nan kusa da gwiwar Nomau, amma ai ba wanda ya ce masa ya taɓa. Sai bawan Allah ya ɗauki ƙwarya, ya ɗebi ruwa a ɗakin injuna, ya zagaya ya juye a akwatin gilashi, ya dawo, ya sake. Haka ya wuni har ƙafafunsa suka kumbura. Kuma wallahi ko kifi ɗaya ba a zuba ba tukuna. Duk shigar da zai yi sai ya dubi yayansa, yayan bai juyo ba.

Wata rana, ranar da kifi za su iso tasha, Saude ta nuna masa buhun gishirin da aka sayo musamman, ta ce, "Baffa, ka dama a durom har ya zama daidai da ruwan teku." Cikin sauri ta manta ba ta ba shi ma'auni ba. Nomau ya tsaya yana kallon durom. Shi bai taɓa ganin teku ba, kuma duk gidan mutum ɗaya ne ya san ɗanɗanonsa. Ya dama, ya ɗebo a cokali, ya durƙusa gaban gado.

Da Saude ta dawo ta tarar da shi da cokali a bakin mahaifinta, ta kusa yar da kifin.

"Baffa, kashe shi za ka yi? Likita ya hana shi gishiri!"

"Ke kika ce daidai da teku. Wa zan tambaya in ba Yaya ba?"

Ta kai hannu za ta fizge cokalin, sai ta ga leɓen tsohon yana motsi. Da ƙyar, cikin murya kamar ta wanda ya tashi daga barci, ya ce, "Bai kai ba."

Saude ta zauna daɓas a ƙasa. Nomau ko a jikinsa, ya koma ya ƙara gishiri, ya dawo. Malam Barau ya taɓa da harshe, ya lumshe ido, hawaye ya gangaro masa har kunne.

"Ya yi," in ji shi. Can ya yamutsa fuska. "Bakina... ɗaci. Kunu."

Saude ta ruga madafa tana kuka wiwi, ko takalmi babu. Nomau ya bi ta da kallo, ya ce, "Yaya, kunun ma da gishiri?"

Rabin bakin da ke motsi ya yi dariya.